Jinƙai ne tushen kyauta, ko dai mun saba faɗa ne kawai?

Iliya:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Wata magana ta tsaya mini a rai tun ranar Lahadi, gara in fito da ita nan kafin ta cinye ni. Mai wa'azi ya ce hannun Kirista ba don yana da yawa yake buɗewa ba, don an yi masa jinƙai ne. Kowa ya ce amin, ni ma na ce. Da na dawo gida na zauna sai na ga ƙarya na yi.

Shekara 4 ina ɗauke da karatun wani yaro. Ba ɗana ba ne, ba mu haɗa dangi ba. Mahaifinsa ya rasu, na ga halin da suke ciki, na ɗauka. Akwai lokacin da na ɗage buƙatar 'ya'yana don kada a kore shi. Ya gama, ya sami aiki, ko kira bai yi ba. Can sai na ji yana gaya wa mutane wai abin da na yi masa bai taka kara ya karya ba, wai ma neman suna nake yi. Makon jiya sai ga saƙonsa: aikin ya tafi, yana neman taimako. Ban amsa ba. Kuma tun abin da ya yi mini, ko wani daban ne ya roƙe ni sai in ji zuciyata ta ƙulle.

To in da gaske jinƙai ne tushen kyauta, ina nawa ya tafi? Ko dama can babu shi?

Rifkatu:
Yaya Iliya, kada ka wahalar da kanka a kan butulu. Shekara 4 fa! Ka yi abin da ko kawunsa bai yi ba. Bulus da kansa ya ce wanda ya ƙi aiki kada ya ci, 2 Tasalonikawa 3:10. Allah bai ce mu zama wawaye ba. Ka share saƙon ka yi barcinka.

Haruna:
Rifkatu, ayar nan ba wurinta ba ne. Yaron bai ƙi aiki ba, aikin ne ya ƙi shi. Bulus yana magana a kan masu zaman banza ne suna shiga sha'anin da ba nasu ba.

Mama Saratu:
Sannu ɗana, abin akwai ciwo, ba wanda zai ce maka babu. Tambaya ɗaya zan yi maka. Da a ce ranar da ya sami aikin nan ya zo ya durƙusa ya gode maka, yau da ya dawo da roƙo za ka ba shi?

Iliya:
Da na ba shi, Mama. Ko tunani ba zan tsaya yi ba.

Mama Saratu:
To ashe bashi ka ba shi. Godiyar ce kuɗin ruwan. Ba zaginka nake yi ba, ni ma na daɗe ina bin mutane irin wannan bashin.

Malam Bitrus:
Mama ta gama maganar da ni zan ɗauki awa ina yi, amma ku bar ni in sa lissafi a kai, don lissafin yana da amfani. A Matiyu 18 Yesu ya ba da misalin bawan da sarki yake bi talanti 10,000. Mukan karanta mu wuce don ba mu san talanti ba. Talanti ɗaya dinari 6,000 ne, dinari ɗaya kuwa ladan lebura na yini guda, kamar yadda muka gani a Matiyu 20:2. Ke nan bashin ya kai dinari miliyan 60. In mutum yana aiki kwana 300 a shekara bai ci ko sisi daga ciki ba, sai ya shekara 200,000 kafin ya biya. Yusufus, marubucin tarihin Yahudawa, ya ce kuɗin shigar Yahudiya da Samariya da Idumiya gaba ɗaya a zamanin Arkilayus, ɗan sarki Hirudus, talanti 600 ne a shekara. Masu sauraron Yesu sun san ba bawan da ya isa ya ci irin wannan bashi, balle ya biya. Amma bawan ya faɗi ƙasa yana cewa a yi masa haƙuri zai biya duka. Wannan ne wurin da ya fi ba ni tsoro a misalin. Mutumin bai san girman bashinsa ba, saboda haka da aka yafe bai san girman yafiyar ba. Shi ya sa yana fita ya shaƙe wuyan wanda yake bi dinari 100, ladan wata uku da 'yan kwanaki. Dinari 100 ba ƙaramin abu ba ne, Yesu bai ce ɗan'uwan bai ci bashin ba. Sai dai in ka ajiye su kusa da juna, ɗaya ne cikin 600,000. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Rifkatu:
Malam, lissafin ya yi kyau, amma misalin nan na gafara ne, ba na ba da kuɗi ba. Bitrus mai sunanka ne ya tambayi sau nawa zai yafe, shi ne Yesu ya ba da misalin. Yaya Iliya ya yafe wa yaron a zuciyarsa, shi ke nan. Ina aka ce sai ya sake buɗe aljihu? Kuma bawan can na biyu ya durƙusa ya roƙi haƙuri. Shi wannan ko "yi haƙuri" bai ce ba, hannu kawai ya miƙo.

Malam Bitrus:
Kin yi gaskiya, 'yar'uwa, misalin a kan gafara yake, ban musa ba. Amma duba aya ta 27, abin da ya sa sarki ya sake shi. An ce tausayinsa ya kama shi. Kalmar Helenancin da ke wurin daga sunan kayan ciki aka samo ta, wato abin ya motsa masa hanji. Ita ce dai a Luka 10:33 sa'ad da Basamariye ya ga wanda 'yan fashi suka bari a hanya, ita ce a Luka 15:20 sa'ad da uba ya hango ɗansa daga nesa. A wuri na farko ta haifi yafe bashi, a na biyu ta haifi dinari 2 da aka ba mai masauki da alkawarin biyan sauran, a na uku ta haifi riga da zobe. Jijiya ɗaya ce. Yahaya ma da ya zo maganar rowa, 1 Yahaya 3:17, cewa ya yi mai dukiya ya ga ɗan'uwansa cikin rashi ya rufe masa cikinsa. Bai ce ya rufe aljihu ba.

Batun bai ce "yi haƙuri" ba kuwa, Luka 6:35 ya tare mu. Yesu ya ce Maɗaukaki yana yi wa marasa godiya da mugaye alheri. Aya ta gaba ita ce ku zama masu jinƙai kamar yadda Ubanku yake mai jinƙai. Butulu yana cikin ayar da sunansa.

Rifkatu:
To shi Allah ai ba ya da 'ya'yan da za a kora daga makaranta.

Haruna:
Hahaha, Rifkatu ba ki da dama. Amma ni ma ina da tawa matsalar da maganar mai wa'azin. Na yi aiki da mutanen da ba Kiristoci ba, wasu ma ba su da addini ko kaɗan, kuma wallahi sun fi yawancinmu sakin hannu. In jinƙan da muka samu ta wurin Almasihu ne tushen kyauta, su nasu daga ina? Kuma mu da muke da tushen, me ya sa bishiyar ba ta 'ya'ya? Ina ganin kyauta hali ce kawai. Wani an haife shi da ita, wani ko ka karanta masa Linjila sau ɗari hannunsa a dunƙule.

Rahila:
Ku ba ni wuri kaɗan. Tun ɗazu ina karantawa, kowa yana magana daga gefen mai bayarwa. Ni an taɓa ɗaukar karatuna, don haka bari in faɗi yadda abin yake daga ƙasa.

Wanda ya biya mini mutumin kirki ne, har yau ina yi masa addu'a. Amma duk taron da muka haɗu sai ya kira ni ya ce wa mutane, ga yarinyar da nake gaya muku. Ni kuma in yi murmushi in sunkuyar da kai. Ba gori yake yi ba a ganinsa, murna yake yi. Amma ni a shekarun nan ba ni da suna, ni ce yarinyar da ake taimako. Da na gama na tsaya da ƙafata, sai na ga ba na son ganinsa. Ba don na tsane shi ba. In na gan shi sai in koma yarinyar nan mai sunkuyar da kai. Na shekara 2 ban kira shi ba, kuma na tabbata ya kira ni butulu.

Ban ce haka ne tsakaninka da yaron nan ba, Yaya Iliya, ban san shi ba, kuma ɓata maka suna da ya yi laifi ne. Abin da nake so in ce, akwai tausayin da yake tsaye a sama yana leƙo ka, akwai wanda yake saukowa ya zauna kusa da kai. Wanda ake taimako yana gane bambancin tun kafin mai taimakon ya gane.

Mama Saratu:
Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ba kowa ke iya faɗar wannan ba.

Baba Dauda:
'Ya'yana, na shigo a makare. Rahila ta amsa wa Haruna rabin tambayarsa ba tare da ta nufa ba.

Haruna, ba wanda ya isa ya ce Kirista kaɗai ke kyauta. Yesu da kansa, da ya tashi nuna maƙwabci na gari, Basamariye ya ɗauko, mutumin da masu sauraronsa suke ganin addininsa gurɓatacce ne. Firist da Balawe, masu tushen kamar yadda ka ce, su ne suka ratse suka wuce. Allah ya halicci mutum cikin kamanninsa, alheri yana fitowa inda ba ka zata ba. Abin da muke cewa daban ne: mai bi ba shi da wurin tsayawa a sama. Bulus ya tambayi Korintiyawa, me kake da shi da ba karɓa ka yi ba? In komai karɓa ka yi, to kai ma yaron da ake taimako ne. Mabaraci ne yake miƙa wa mabaraci.

Wannan tun a Attaura yake. A Maimaitawar Shari'a 24 an ce in ka girbe gonarka ka manta da dami, kada ka koma ɗauka, ka bar wa baƙo da maraya da gwauruwa. Dalilin da aka bayar ba wai don kana da kirki ba. An ce ka tuna kai bawa ne a Masar. A sura 15 ma, in za ka 'yantar da bawa kada ka sallame shi hannu wofi, dalilin dai shi ne: ka tuna an fanshe ka. Tunawa ce ke buɗe hannu.

Kada kuma ku zaci duniya ta daɗe tana ganin tausayi abin yabo ne. Seneka, masanin falsafar Roma da ya yi zamani da Bulus (ɗan'uwansa ne Galiyo wanda aka kai Bulus gabansa a Ayyukan Manzanni 18), ya koyar da cewa mai hikima ya taimaki mabuƙaci amma kada tausayi ya kama shi, don a wurinsa tausayi raunin zuciya ne. Manyan Roma suna kyauta sosai, suna gina wuraren wanka da dandali, a sassaƙa sunansu a dutse. Sai ga wasu mutane suna cewa Allahnsu ma yana jin tausayi, suna ciyar da waɗanda ba za su iya sassaƙa sunan kowa ba. A shekara ta 251 Karniliyus, bishop na Roma, ya rubuta cewa ikkilisiyar birnin tana ɗauke da gwauraye da mabuƙata fiye da 1,500. A 362 sarki Yuliyan, wanda ya bar bangaskiya yana ƙoƙarin dawo da bautar gumaka, ya rubuta wa babban firist na Galatiya yana kukan cewa Galilawan nan, haka yake kiran Kiristoci, suna ciyar da matalautansu har da na masu bautar gumakan. Maƙiyi ne ya ba da wannan shaida.

Haruna:
Na gode Baba. Amma ba ku taɓa rabi na biyun ba. Me ya sa mu yanzu ba haka muke ba?

Baba Dauda:
Saboda yawancinmu mun ɗauka bashinmu dinari 50 ne. Ka karanta Luka 7, gidan Siman Bafarisiye, inda Yesu ya ba da misalin masu bashi biyu, ɗaya dinari 500, ɗaya 50. Wanda aka yafe wa kaɗan, kaɗan yake ƙauna. Siman bai fi matar nan mai zunubi da ta jiƙa ƙafafun Yesu da hawaye tsarki ba, lissafinsa ne bai cika ba. Na shekara da yawa ina wa'azi, kuma na lura waɗanda suka taɓa faɗuwa warwas aka ɗaga su sun fi saurin miƙa hannu. Mu da muka tashi cikin sujada ba mu taɓa yin abin kunya a fili ba, mu ne masu wuyar sha'ani.

Markus:
Baba, ina gaisuwa. Ni ɗan Katolika ne, ku bar ni in ɗan ja da ku kaɗan. Kuna magana kamar jinƙai yana gangarowa ne kawai daga sama, mu tsaya mu ji shi a zuciya sannan mu bayar. In Yaya Iliya zai jira sai zuciyarsa ta narke, yaron zai iya mutuwa da yunwa. A wurinmu ana koyar da ayyukan jinƙai na jiki guda 7: ciyar da mayunwaci, shayar da mai ƙishi, tufatar da huntu, saukar da baƙo, duba marar lafiya, ziyartar ɗan kurkuku, da binne matattu. Shida daga Matiyu 25 suke, na bakwai daga littafin Tobit. Ayyuka aka kira su, ba a ce yadda za ka ji ba. Kuma Matiyu 5:7 ya ce masu jinƙai su ne za a yi wa jinƙai. Yaƙub 2:13 ya ce hukunci marar jinƙai yana jiran wanda bai yi jinƙai ba. Ashe namu ma yana da nauyi a gaban Allah.

Malam Bitrus:
Ɗan'uwa Markus, nauyin yana nan, ba na rage shi. Bawan can ma ai an mai da shi kurkuku a ƙarshe. Inda nake taka tsantsan shi ne wanne ke gaba. In na bayar don Allah ya yi mini jinƙai, na mai da matalauci tsani. Zakka (mai karɓar haraji nake nufi, ba wadda muke fitarwa ba) bai ce zai raba rabin dukiyarsa ya rama ninki 4 don Yesu ya shiga gidansa ba. Yesu ya riga ya kira shi daga kan itace, mutane suna gunaguni, sannan hannunsa ya saki. A 2 Korintiyawa 8 da 9 kuwa, inda Bulus yake tara gudummawa don matalautan Urushalima, kalmar alheri, karis da Helenanci, ta fito sau 10 a surori biyun nan. Alherin da Allah ya yi wa mutanen Makidoniya karis ne, gudummawar da suka tara ita ma karis ce, godiyar da ta rufe maganar karis ce. Kuma ya ce Makidoniyawan suna cikin matsanancin talauci, amma su ne suke roƙo a bar su su sa hannu. Hujjarsa tana 8:9: Almasihu yana da wadata, ya talauce dominku.

Markus:
A nan ba mu saɓa ba, Malam. Mu ma ba mu koyar da cewa mutum yana fara motsi kafin alherin Allah. Abin da nake tsoro shi ne masu fakewa da "zuciyata ba ta ba ni ba". Agustin, babban malamin ikkilisiya na dā, ya ce jinƙai shi ne ka ji wahalar wani a zuciyarka har ta tilasta maka ka taimaka in kana da iko. In bai kai hannu ba, bai cika ba. Wani lokacin ma hannu ke fara tafiya, zuciya ta biyo daga baya tana jan ƙafa.

Malam Bitrus:
Wannan na yarda da shi. Harshe ma yana bayanka. Kalmar Helenanci ta sadaka, eleyemosune, daga eleyos ta fito, wato jinƙai. A Ibrananci kuma rahamim, tausayi, daga rehem ne, mahaifa. Asalinta ɗaya da rahama da muke faɗa kullum. Uwa ba ta jin tausayin jariri ta zauna tana kallo.

Haruna:
Tunda an zo nan, ina so wani ya yi magana a kan Luka 6:38, ku bayar za a ba ku, mudu a danne a girgiza har ya zuba. Kusan duk lokacin da na ji ayar nan, ana shirin karɓar baiko ne, ana cewa ka shuka ka girbe ninki ɗari.

Baba Dauda:
Ka koma aya biyu baya kawai. Aya ta 36 jinƙai, ta 37 kada ku hukunta, ku yafe. Ta 35 ma cewa ta yi ku ba da rance ba tare da sa ran komai ba. Wanda ya yanko ta 38 ya mai da ita jari, ya juya maganar Yesu ta koma kishiyarta. Kasuwanci ba laifi ba ne, amma a kira shi da sunansa. A Luka 14 an ce in za ka yi biki ka gayyaci waɗanda ba za su iya rama maka ba. Wannan ba ta cika shiga wa'azin baiko ba.

Rifkatu:
Duk na ji. Amma har yanzu ba wanda ya gaya mini ko Kirista yana da izinin ya duba wa zai ba. Ko duk wanda ya miƙo hannu sai a cika masa? Akwai masu mai da tausayin mutane sana'a fa.

Baba Dauda:
'Yata, wannan gardamar ta girme mu duka. Akwai wata tsohuwar takardar koyarwa ta ikkilisiya, Didake, daga ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2. A cikinta an ce ka ba duk wanda ya roƙe ka, sannan 'yan layuka kaɗan a gaba aka ce sadakarka ta yi gumi a hannunka har ka san wanda za ka ba. Bulus ma a 1 Timoti 5 ya sa ƙa'idar gwaurayen da ikkilisiya za ta ɗauka, ya ce masu dangi danginsu su riƙe su.

Rifkatu:
Yauwa! Ta yi gumi a hannu. Na samu tawa.

Baba Dauda:
Tsaya tukuna, ban gama ba. Yahaya Kirisostom, shahararren mai wa'azin ikkilisiya na dā wanda ya rasu a 407, ya ce mai sadaka kamar tashar jiragen ruwa yake. Tasha ba ta tambayar wanda jirginsa ya fashe ko mutumin kirki ne ko mugu, tana karɓarsa ne don yana cikin haɗari. Ya ce buƙatar mutum ita ce cancantarsa. Kuma ba mai magana daga nesa ba ne, ya ambata cewa ikkilisiyar Antakiya tana ciyar da gwauraye da 'yan mata 3,000. Basil, bishop na Kaisariya, kuwa, da aka yi yunwa a Kafadokiya wajen 369, ya gaya wa masu rumbu cewa gurasar da suka ɓoye ta mayunwaci ce, rigar da ke cikin akwatinsu ta huntu ce.

Ni yadda na haɗa su, bincike biyu ne. Akwai wanda yake tambaya, me zai taimaki mutumin nan da gaske? Wannan jinƙai ne da idonsa a buɗe, wani lokacin amsarsa ba kuɗi ba ce, wani lokacin ma a'a ce. Akwai kuma wanda yake tambaya, ya cancanta? Wannan alƙali ne. Daga waje kamarsu ɗaya, duka biyun hannunsu yana gumi. Mai hannun ne kaɗai ya san wanne yake yi.

Rifkatu:
Hmm. To ni dai nawa gumin, na alƙalin ne, ba zan ɓoye ba.

Iliya:
Na karanta duka, wasu sau biyu. Maganar Rahila ce ta hana ni sakat. Na zauna na ƙirga mutanen da ni da bakina na gaya wa ina biya wa yaron nan. Sun fi 10. Har shaida na taɓa bayarwa a taron addu'a, ban faɗi sunansa ba amma yana zaune a wurin, kuma kowa ya san shi ne. A lokacin na ɗauka ɗaukaka Allah nake yi. Matiyu 6:3 na san ta tun ina yaro, hannun hagu kada ya san abin da na dama yake yi. Nawa hannun hagun har makirufo ya riƙe.

Wannan bai wanke shi ba. Ƙaryar da ya yi cewa abin bai taka kara ya karya ba tana nan, kuma matata ta fi ni jin zafinta don ita ta san abin da muka hana kanmu. Amma "neman suna" ɗin da ya ce, ba zan iya rantsuwa babu shi ba.

Rahila:
Yaya, in za ka neme shi, kada ka fara da kuɗi, kada kuma ka fara da lissafin shekara 4. Ka tambaye shi yadda yake kawai. Kuma ka shirya, zai iya yiwuwa ya zo da taurin kai. Kunya takan fito da fuskar rashin kunya.

Markus:
Ka kuma yi magana da matarka kafin komai. Jinƙan da za a yi da haƙƙin iyali ba da saninsu ba, wata rigimar ce. Bulus ya ce ba nufinsa a sauƙaƙa wa wasu a ƙuntata muku ba, 2 Korintiyawa 8:13.

Iliya:
Mun yi magana daren jiya. Ta ce in gan shi ba ta hana ba, amma kuɗi kam ba yanzu ba, kuma ban ga laifinta ba. Na tura masa saƙo da safe na ce ya zo mu zauna ranar Asabar. Ya karanta, bai amsa ba tukuna.

Rifkatu:
In ya zo ka gaya masa maganar da ya yaɗa ta iso kunnenka. Kada ka haɗiye ta don kana son zama waliyyi.

Iliya:
Zan gaya masa. Zan kuma gaya masa tawa ta taron addu'ar. Ban san wadda zan fara da ita ba.

Mama Saratu:
Fara da taka, ɗana. In bai zo Asabar ɗin ba ka sanar da ni.